Sanya Maiƙo a Gahawar Safe: Misali Daga Kasuwar Sabon Garin Kano

1.0 Gabatarwa

Abinci yana ɗaya daga cikin manyan rassan al'ada, kuma yana cikin waɗanda suka fi saurin karɓar baƙin abubuwa. Duk al'ummar da ke cuɗanya da wasu ta hanyar fatauci ko tafiye-tafiye, ba makawa a ga tasirin wannan cuɗanya a tukunyarta da kuma harshenta. Daga cikin baƙin ɗabi'un da suka yaɗu a duniya tun daga shekarar 2009 akwai jefa man shanu ko man kwakwa a cikin gahawa a sha da safe a madadin karin kumallo. Masu tallata wannan haɗi suna cewa yana kashe yunwa, yana wartsake ƙwaƙwalwa, har ma yana rage ƙiba. Tun da wayar salula ta kawo irin wannan talla har aljihun ɗalibai da 'yan kasuwa, ya kamata mai shirin zama malami ya san asalin abin, da yadda yake aiki a jiki, da wanda zai iya cutarwa.

An ɗauki Kasuwar Sabon Gari ta Kano a matsayin fagen wannan nazari, domin a cikinta da kewayenta ake samun dukkan kayan haɗin, kuma a nan ne dubban mutane ke yin karin kumallo a wajen gidajensu kowace safiya. Abin da darasin zai nuna shi ne, shan abu mai maiƙo da safe tsohuwar al'ada ce ga Bahaushe. Abin dubawa kawai shi ne wane irin mai aka zuba, nawa aka zuba, kuma wane irin aiki mai shan yake yi.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Gahawa, Kofi da Shayi

Gahawa abin sha ne da ake samu daga ƙwayar wata bishiya mai asali daga ƙasar Habasha. Ana soya ƙwayar, a niƙa, sannan a dafa garin da ruwa. Hausa ta aro kalmar daga Larabci, inda asalinta ke farawa da harafin ƙaf. Da yake Larabawan wurare da dama, kamar na Sudan da Hijaz, suna furta wannan harafi kamar "g", sai kalmar ta shigo Hausa a matsayin gahawa. Wannan kalma ta Larabci ce dai ta ratsa ta harshen Turkawa ta shiga harsunan Turai, daga baya Hausa ta sake aro ta daga Ingilishi a matsayin kofi. Ke nan gahawa da kofi tushensu ɗaya, hanyar shigowarsu ce ta bambanta: ɗaya ta biyo Larabawa da alhazai, ɗaya ta biyo Turawan mulki da kantuna. A lura kuma akwai wata kalmar kofi mai nufin mazubin da ake shan ruwa ko shayi da shi, mai jam'i kofuna. Muhallin magana ne ke bambanta su. Domin kauce wa ruɗani, an yi amfani da gahawa a wannan darasi wajen nufin abin sha.

Shi kuwa shayi ganyen wata shuka ce daban mai asali daga yankin Sin. Ita ma kalmar daga Larabci aka aro ta, kamar yadda aka aro ti daga Ingilishi. Amma a bakin jama'a ma'anarta ta faɗaɗa, har ta kai duk abin sha mai zafi da ake haɗawa a teburin mai shayi sunansa shayi, ko da Bournvita ne ko Milo ko Nescafé.

2.2 Mai, Maiƙo da Kitse

Mai kalma ce gama-gari, wadda ta haɗa na ci da na shafawa da na mota. Maiƙo shi ne alamar mai a jikin abinci ko hannu ko ƙwarya. Kitse kuwa shi ne wanda ke jikin dabba ko mutum. Nau'o'in man da wannan darasi ya shafa su ne:

(a) Man shanu: Matan Fulani ne suka fi samar da shi. Ana barin madara ta kwana ta zama kindirmo, sai a kaɗa ta a cikin gora har man ya ware ya taso, a kwashe shi a cura. Ana sayar da shi ɗanye a cure, ko kuma soyayye a kwalba, wanda akan soya da albasa domin ƙamshi da daɗewa.

(b) Bota: A Ingilishi, inda aka aro kalmar, tana nufin man shanu. Amma abin da mai shayi ke shafa wa burodi ya kira bota, kamar Blue Band, yawanci majarin ne, wato man tsirrai da aka sarrafa a masana'anta ya daskare. A ƙasar Faransa aka ƙirƙiro majarin a shekarar 1869 domin ya maye gurbin man shanu mai tsada. Wannan misali ne na yadda ma'anar ararriyar kalma ke sauyawa.

(c) Man kwakwa: Kalmar kwakwa ta ƙunshi bishiyoyi biyu. Akwai kwakwar manja, wadda ake samun manja daga tsokar 'ya'yanta, ake kuma samun alayyadi daga ƙwallonta. Akwai kuma kwakwar Attagara, mai babban ƙoƙo da ruwa a ciki. Daga farar tsokar wannan ta biyun ake tatsar man kwakwa da ake magana a kai.

3.0 Kasuwar Sabon Gari da Karin Kumallo

Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, aka kuma buɗe shi ga harkar sufuri a 1912. Wajen shekarar 1913 Turawan mulki suka keɓe unguwar Sabon Gari a wajen ganuwa domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudancin Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Kasuwar ta bunƙasa tare da unguwar. A yau sunanta a hukumance Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, wanda ya yi gwamnan Jihar Kano daga 1979 zuwa 1983, kuma tana cikin Ƙaramar Hukumar Fagge. Ta sha fama da gobara, daga ciki har da babbar gobarar watan Maris na 2016. Maƙwabciyarta, unguwar Fagge, ta girme ta nesa ba kusa ba, domin tun zamanin fataucin Sahara ta kasance zangon ayarin Buzaye da sauran baƙi daga arewa, mutanen da aka sani da shan shayi.

Wannan tarihi shi ya sa kayan wurare daban-daban suka haɗu a wuri ɗaya. Manja da kwakwar Attagara daga kudu suke zuwa, kuma yankin Badagry na Jihar Legas ya yi suna wajen noman kwakwa. Man shanu daga rugage yake shigowa. Man gyaɗa na gida ne, kasancewar Kano ta daɗe tana cibiyar cinikin gyaɗa. Madarar gwangwani da sukari da ganyen shayi da garin gahawa kuwa ana sarinsu a kasuwar da kuma Kasuwar Singa da ke kusa da ita. Mafi yawan gahawar da ake sha a nan ta gwangwani ce ko ta ƙananan leda, irin wadda ke narkewa nan take a ruwan zafi, wadda kamfanin Nestlé ya fito da samfurinsa na Nescafé a shekarar 1938. Ana noma gahawa da ganyen shayi a Nijeriya, musamman a tsaunin Mambila na Jihar Taraba.

Yawancin masu neman abinci a kasuwar suna barin gida bayan sallar asuba, saboda haka a hanya ko a bakin kasuwa suke karyawa. Kalmar karin kumallo kanta tana nuna yadda Bahaushe ya ɗauki abincin safe: kumallo shi ne tashin zuciyar da ke damun wanda ya wayi gari ciki wayam, abincin safe kuwa shi ke karya shi. Wanda ya dubi abin da ake ci a Bata ko 'Yankura da safe zai tarar kusan babu wanda ba shi da maiƙo. Ƙosai da ake haɗawa da koko a mai ake soya shi. Kunun gyaɗa da mansa yake tafe, domin kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne. Ɗumamen tuwo da miyar kuka ba ya cika sai da man shanu. A teburin mai shayi kuwa, akwai mai neman ruwan bunu, wato shayin da ba madara, akwai kuma mai neman haɗin kauri da soyayyen ƙwai da burodin da aka shafe da bota. Idan ya tsoma burodin a kofi, sai a ga maiƙo ya taso yana yawo a saman shayin. Jefa mai kai tsaye cikin gahawa bai zama ruwan dare a waɗannan tebura ba, kuma man kwakwa an fi sayensa domin gyaran gashi da fata. Sai dai tazarar da ke tsakanin wannan shayi mai maiƙo da haɗin da ake tallatawa ba ta da yawa.

4.0 Asalin Al'adar a Wasu Ƙasashe

Al'ummomi da dama sun daɗe suna haɗa abin sha mai zafi da mai. A ƙasar Habasha, mahaifar gahawa, wasu ƙabilu kamar Gurage suna zuba man shanu a gahawa, wani lokaci har da gishiri. Su kuwa Oromo suna da al'adar dafa ƙwayar gahawa cikin man shanu a lokutan bukukuwa da addu'o'i. A yankin Tibet mai dogayen duwatsu da tsananin sanyi, ana kaɗa shayi da gishiri da man wata dabba mai kama da sa da ake kira yak, a yini ana sha. A wasu tsofaffin shagunan gahawa na Singafo ma akan jefa yankin man shanu a kofin gahawa. Abin lura game da Habasha da Tibet shi ne, masu wannan al'ada galibi makiyaya ne da manoma, masu aikin ƙarfi da doguwar tafiya a ƙasa, waɗanda jikinsu ke ƙone abin da suka sha.

Yayin da ake yi a yau kuwa daga Amurka ya taso. Wani ɗan kasuwa mai suna Dave Asprey ya sha shayin man yak a Tibet a shekarar 2004, sannan a 2009 ya wallafa nasa haɗin da ya sanya wa suna Bulletproof Coffee. Haɗin ya ƙunshi gahawa da man shanu marar gishiri da wani tataccen mai da ake kira MCT, wanda ake cirowa daga man kwakwa ko alayyadi. Masu son sauƙi sukan yi amfani da man kwakwa tsagwaronsa. Da yake ruwa da mai ba sa haɗuwa, sai an kaɗa su da injin markaɗe har su yi kumfa, aikin da maburgi ke yi a ɗakin girkin Bahaushiya. Haɗin ya samu karɓuwa wajen masu bin tsarin cimar da ake kira kito, wato rage hatsi da sukari ƙwarai a dogara ga mai. Likitoci ne suka fara amfani da wannan tsari a shekarun 1920 domin yara masu farfaɗiya, kafin masu neman rage ƙiba su ɗauke shi.

5.0 Yadda Haɗin Ke Aiki a Jiki

Abubuwa biyu ne ke aiki a cikin wannan kofi, kuma kowanne aikinsa daban. Na farko shi ne sinadarin kafeyin da ke cikin gahawa, wanda shi ne dai ke cikin goro da ganyen shayi. Aikinsa shi ne toshe saƙon gajiya da barci na ɗan lokaci a ƙwaƙwalwa. Saboda haka wartsakewar da mai sha ke ji, akasarinta daga gahawar take, ko an sa mai ko ba a sa ba. Tsohon da ke ɓantarar goro da hantsi ya riga ya san wannan wartsakewa.

Na biyu shi ne mai. Ana auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da ma'aunin kalori. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, alhali giram ɗaya na hatsi ko sukari ko furotin, wato sinadarin gina jiki, kalori 4 yake bayarwa. Bugu da ƙari, mai yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, shi ya sa wanda ya ci abu mai maiƙo yake daɗewa bai ji yunwa ba. Har ila yau, mai ba ya ɗaga sukarin jini da sauri kamar yadda farin burodi da sukari ke yi. Ta wannan fuska, maganar cewa haɗin yana kashe yunwa tana da tushe.

Amma mai iri-iri ne. Masana kimiyyar abinci sun kasa shi gida biyu: mai daskarewa da marar daskarewa. Ana iya ganin alamar wannan a kasuwa lokacin hunturu, sa'ad da ake cewa mai ya yi barci. Man kwakwa yana narkewa ne idan zafi ya kai kamar digiri 24, saboda haka a bazarar Kano ruwa ne tsululu, da sanyin safiyar hunturu kuwa sai ya zama fari ƙanƙararre. Fiye da kashi 80 cikin 100 na man kwakwa mai daskarewa ne. A man shanu ya haura rabi, a manja kusan rabi ne, a man gyaɗa kuwa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Yawan cin mai daskarewa yana ɗaga nau'in kolestarol ɗin da ke taruwa a bangon hanyoyin jini, wanda ke ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A kan wannan dalili ne Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta yi gargaɗi game da man kwakwa a shekarar 2017.

6.0 Lissafin Kofi Ɗaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana. Ga mai buƙatar kalori 2000, wannan ya kama kamar giram 22. Babban cokali ɗaya na man shanu yana ɗauke da kalori kusan 100 da giram 7 na mai daskarewa. Idan soyayye ne ya ɗara haka, domin ruwan cikinsa ya ƙone. Babban cokali ɗaya na man kwakwa kuwa yana da kalori kusan 120 da giram 12. Idan aka zuba cokali ɗaya na kowanne, an sami kalori 220 da giram 19, wato an kusa cinye rabon yini tun kafin a buɗe shago. Idan man shanun cokali biyu ne, an kai giram 26, an zarce iyaka ke nan, ga kuma abincin rana da tuwon dare suna jira.

A nan ne bambancin mutanen kasuwa yake fitowa fili, domin abincin wani gubar wani. Ɗan dako da mai tura kura, waɗanda ke yini ɗauke da buhuna tsakanin mota da rumbu, suna ƙone ƙarfi mai yawa. Shi kuwa mai shago da ya zo a mota ko babur, ya zauna bakin kanta tun safe har la'asar, abin da ya shiga bai ƙone ba kitse yake zama. Wani abin lura kuma shi ne, waɗanda suka ƙirƙiro haɗin sun tsara shi ne ya maye gurbin karin kumallo, ba tare da sukari ko burodi ba. Wanda ya ƙara mai a kan haɗin kauri da sukari da burodi da ƙwai, ya yi ƙari ne a kan ƙari, kuma ƙiba zai samu maimakon ramar da aka yi masa alkawari. Idan kuwa ya sha haɗin shi kaɗai, ya rasa furotin da dusar hatsi da sauran abubuwan gina jiki da ke cikin koko da ƙosai ko kunun gyaɗa, waɗanda suka fi araha.

Akwai waɗanda ya kamata su yi hattara fiye da kowa. Masu hawan jini da ciwon zuciya da ciwon suga kada su sauya cimarsu sai da shawarar likita. Masu fama da ƙwannafi sukan ji ya tsananta idan suka sha gahawa da mai. An shawarci babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a rana, kimanin kofi huɗu na dafaffiyar gahawa, mai juna biyu kuwa rabin haka, kuma goron da aka ci yana cikin lissafi. Haka kuma shan shayi ko gahawa tare da abinci yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa, abin da ya shafi mata da yara masu ƙarancin jini.

Ingancin man shi ma abin dubawa ne. Ɗanyen man shanu da aka samu daga madarar da ba a dafa ba yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta daga dabba, don haka soya shi ya fi aminci. Akan kuma samu masu algus da ke gauraya shi da mai mai araha. Game da majarin, wasu hanyoyin daskarar da man tsirrai suna haifar da wani nau'in maiƙo da ya fi kowanne illa ga zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran kawar da shi a shekarar 2018, kuma dokar hukumar NAFDAC ta 2022 ta taƙaita shi zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Saboda haka mai saye ya duba lambar rajista da ranar lalacewa a jikin roba.

7.0 Matsayin Malami

Malami, musamman a firamare da ƙaramar sakandare, shi ne mutum na farko da yara ke kawo wa abin da suka ji a gida ko suka gani a waya. Idan ya san bambancin man shanu da majarin, da na manja da alayyadi da man kwakwa, zai koyar da kalmomi daidai, ya kuma raba ɗalibansa da yi wa rogo kallon kitse. Wannan batu yana da amfani wajen koyar da aron kalmomi da sauyin ma'ana, kamar yadda aka gani a gahawa da kofi da shayi da bota. Ana kuma iya tura ɗalibai su tattaro sunayen abincin safe na unguwarsu, su rarraba su bisa irin man da ke cikinsu, sannan su rubuta insha'in bayani a kai.

Bayan haka akwai lafiyar yaran kansu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma yaron da ya zo aji da yunwa ba ya fahimtar karatu. Gahawa ba abin shan ƙananan yara ba ce, mai zalla kuma ba ya gina jikin da ke girma. Abin da ya dace malami ya ƙarfafa wa iyaye shi ne abincin safe mai haɗe da hatsi da wake ko gyaɗa ko nono.

8.0 Kammalawa

An ga cewa sanya mai a abin sha na safe tsohuwar al'ada ce a Habasha da Tibet, kuma tana da 'yan'uwa a cimar Hausawa, kamar kunun gyaɗa da ɗumame da man shanu. Sabon abu shi ne tallata ta a matsayin hanyar rage ƙiba ga kowa da kowa. Haɗin yana kashe yunwa, amma yana ɗauke da mai daskarewa da ya kusa ko ya zarce rabon yini guda, kuma ya rasa abubuwan gina jiki da ke cikin abincin gargajiya. Misalin Kasuwar Sabon Gari ya nuna cewa kofi ɗaya yana iya zama guzuri ga ɗan dako, ya zama nauyi ga mai zaman shago.

Tambayoyin Bita

1. Yi bayanin hanyoyin da kalmomin gahawa da kofi suka shigo Hausa.
2. Bambanta tsakanin man shanu da bota kamar yadda ake amfani da su a teburin mai shayi.
3. Kawo nau'o'in mai uku da ake samu daga kwakwa, tare da bayanin tushen kowanne.
4. Me ya sa haɗin gahawa da mai zai iya dacewa da wani ya kuma cutar da wani? Kafa hujja da misalai daga kasuwar garinku.
5. Tsara darasin minti 35 ga 'yan aji biyar na firamare a kan abincin safe na Hausawa.